Jagoran mai son haɗa saitin tsofaffin kuɗi, daga anini zuwa naira

A gidaje da dama na Gulma da Argungu da Birnin Kebbi, in aka buɗe adakar wata tsohuwa ko akwatin ƙarfen dattijon da ya yi fatauci a zamaninsa, da wuya a rasa 'yan sulallan da aka daina karɓa tun tuni: kwabo mai huji a tsakiya, taro mai kusurwa-kusurwa, sule mai hoton bishiyar kwakwa, wani lokaci har da takardar fam da ta sha ninki. Yawancinsu yara ke wasa da su har su salwanta, sauran kuma 'yan gwangwan su auna su a sikeli tare da tsofaffin tukwane. Abin yana damuna, domin da waɗannan ƙarafa kakanninmu suka biya haraji da jangali, da su suka yi cinikin shinkafa da busasshen kifi, da su aka biya sadakin iyayenmu mata. Wanda ya ƙudura niyyar tara su ya yi abin kirki. Sai dai tarawa iri biyu ce. Akwai mai zuba duk abin da ya samu a gwangwani, akwai kuma mai haɗa saiti, wato ya zaɓi jeri guda, ya san abin da ke cikinsa da adadinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya cika. Da na biyun nake magana.

Abin da ya kamata mai farawa ya riƙe shi ne, tsadar saiti ba ta rabuwa daidai a kan kayan da ke cikinsa. 'Yan ƙalilan daga ciki su ke cinye kuɗin. Amurkawa sun fi kowa sanin haka, saboda sun daɗe suna tara katunan 'yan wasan besbol. Akwai wani jeri da suke kira T206, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, kati 524 ne a cikinsa. Mai haƙuri da ɗan hali yana iya tara 520. Sauran huɗun su ne suka gagari kusan kowa, kuma ɗaya daga cikinsu, katin wani ɗan wasa Honus Wagner, an sayar da shi dala miliyan 7.25 a 2022. Don haka masu hankali a cikinsu tun daga farko suke yanke cewa saitinsu 520 ne, su huta. Kuɗinmu ba su kai kusa da wannan farashi ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: iyakar da ka shata wa saitinka kafin ka sayi ƙarfe na farko, ita za ta nuna ko za ka gama cikin shekara ɗaya ko za ka tsufa kana nema.

Mafi sauƙi, kuma inda nake ba kowa shawara ya soma, su ne sulallan 1959. A ranar 1 ga Yuli na wannan shekara Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasar na kanta. Ƙarafa shida ne kawai: ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka, wadda wasu ke kira dala. Ɗari da kwabo na jan ƙarfe ne masu huji, taro yana da kusurwa 12 da hoton auduga, sisi koko, sule kwakwa, fataka kuma gyaɗa. An buga su da yawan gaske, an yi ta amfani da su har farkon shekarun 1970, shi ya sa suke ko'ina. Mai yiwuwa ka samu huɗu daga cikin shidan ba tare da ka fita daga danginku ba. Wahalar wannan saiti ɗaya ce, samun wanda bai goge ba, musamman sule, domin shi ya fi shan hannu a kasuwa.

Bayansa sai sulallan kwabo na 1973, lokacin da aka bar fam aka koma naira a ranar 1 ga Janairu. Biyar ne: rabin kwabo, kwabo ɗaya, kwabo 5, kwabo 10 da kwabo 25, wanda dattawa har yau suke tunawa da sule biyu da sisi. Rabin kwabon shi ne ɗan gardama a cikinsu, don ƙarami ne, bai kuma daɗe yana sayen komai ba, mutane suka watsar da shi. Wanda ya gama wannan yana iya ƙara na 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, lokacin da kwabo 50 da naira ɗaya suka koma ƙarfe, sannan guda ukun da suka fito a Fabrairun 2007, wato kwabo 50, naira 1 da naira 2. Duk waɗannan ba sa buƙatar kuɗi sosai, tambaya da cigiya suke buƙata.

Inda aikin yake da daɗi, kuma inda mutum yake iya faɗawa rami, shi ne kuɗin zamanin Turawa, masu rubutun British West Africa, waɗanda aka yi amfani da su a Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. A 1907 aka fara buga anini da kwabo. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, amma bai jure yanayin ƙasarmu ba, yana cin kansa, sai aka koma farin ƙarfe a 1908. Ɗari ya biyo baya a 1911. Na farko-farkon nan suna ɗauke da sunan Najeriya a jiki, daga 1912 aka cire shi. A wannan shekara aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, ita kuma ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. Azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka koma farin tagulla daga 1920. An ci gaba da buga waɗannan kuɗi har wajen 1958.

To ga inda zaɓi yake. Hanya ta farko ita ce ka nemi samfuri ɗaya na kowane iri. Mafi kyawun misalinta shi ne abin da nake kira kwabon sarakuna biyar: kwabo ɗaya na zamanin Edward na Bakwai, ɗaya na George na Biyar, ɗaya na Edward na Takwas, ɗaya na George na Shida, ɗaya na Sarauniya Elizabeth. Ƙarfe biyar ke nan, amma sun ɗauke ka daga 'yan shekaru bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 har zuwa jajibirin 'yancin kai. Na Edward na Takwas shi ne abin nuna wa baƙo. Sarkin nan ya hau a 1936 ya sauka a 1936, a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma a nan an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa, tunda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton fuska. Mai sayarwa zai so ya ɗora maka farashi saboda wannan labari. Kada ka yarda, an buga su da yawa kuma ba su da tsada. In ka gama kwabon, sai ka yi wa anini irin wannan, sannan ka nemi sule ɗaya na azurfa, ɗaya na tagullar George na Biyar, ɗaya na George na Shida. A kuɗin George na Shida ma akwai iri biyu, domin bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947 an cire laƙabinsa na sarautar Indiya daga rubutun da ke jikin ƙarfen.

Hanya ta biyu ita ce ka ce sai ka samu kowace shekara da kowane gidan bugu. Ba a wuri ɗaya aka buga kuɗin nan ba. In ka sa tabarau ka duba da kyau za ka ga ɗan ƙaramin harafi: H na kamfanin Heaton da ke Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda ba harafi kuma na gidan bugun gwamnatin Ingila ne. Shekara ɗaya tana iya zuwa da kala biyu ko uku. Lissafa iri bakwai na ƙarfe, a cikin shekaru hamsin, kowanne da harafinsa, sai ka ga jerin ya koma ɗaruruwa. A cikinsu kuma akwai waɗanda sai a gwanjon ƙasashen waje ake ganinsu, irin su sulen 1920 mai harafin G da fatakar 1928, waɗanda ko masu tarawa na Ingila suna shan wuya kafin su same su. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: malamin makaranta ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ke zaune a Gulma bai kamata ya ɗora wa kansa wannan jeri ba. Zai kashe kuɗin da iyalinsa suka fi buƙata, kuma ba zai gama ba. In yana son ɗanɗanon wannan hanya, ya zaɓi ƙarfe ɗaya a zamanin sarki ɗaya, misali kwabon George na Shida, ya bi shekarunsa.

Na azurfa suna da tasu matsala. Farashinsu yana da ƙasan da ba ya wucewa, wato kuɗin azurfar da ke jiki, don haka ko gogagge ne ba ya zama araha. Kuma sun yi ƙaranci a hannun mutane, saboda hukuma ta janye su, waɗanda suka rage kuma maƙeran fari sun narkar da da yawa sun yi zobba da mundaye da warwaro. Wasu an huda su an yi sarƙa, wasu an liƙa musu kunne. Mai huji ko tabon walda ya faɗi a wurin masu tarawa, kada ka biya fiye da nauyin azurfarsa. Ka tafi da ƙaramin ma'auni irin na masu sayar da zinariya: fatakar azurfa giram 11.3 ce, sule kimanin giram 5.7. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka shi kaɗai bai isa shaida ba. In kana shakka ka kai wa maƙerin da ka amince da shi. Ka kuma tuna malamai suna cewa cinikin azurfa hannu da hannu ake yinsa, ba a sa bashi a ciki.

Akwai wata babbar dalar azurfa mai hoton wata mata, Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita ƙasar Hausa da Barno tun kafin Turawa. Kyakkyawan ƙarfe ne, nauyinsa giram 28, ya kuma cancanci wuri a tarinka. Amma ka sani kusan duk wadda za ka gani 1780 aka rubuta mata, domin bayan rasuwar matar a wannan shekara an ci gaba da buga dalar da wannan kwanan wata a gidajen bugu daban-daban har zuwa zamaninmu. Wanda ya ce maka tasa ta haura shekara ɗari biyu saboda lambar da ke jiki, ko bai sani ba ko yana son ya cuce ka.

Takardun kuɗi sun fi ƙarfe wuya, dalili kuwa a fili yake: takarda ba ta jure gumi da damina da gara. Jerin naira mai sauƙi shi ne samfuri ɗaya na kowace fuska. Naira 20 mai Murtala ta fito a Fabrairun 1977. A Yulin 1979 aka sa Herbert Macaulay a naira 1, Abubakar Tafawa Ɓalewa a naira 5, Alvan Ikoku a naira 10. Naira 50 ta zo a 1991, naira 100 a 1999, naira 200 mai Sardauna a 2000, naira 500 a 2001, naira 1000 a 2005. Ga kuma na tunawa guda biyu, naira 50 ta 2010 da naira 100 ta 2014. A bayan naira 50 da aka sake wa fasali a 2007 akwai hoton masunta da kamunsu, wanda duk Bakabe ya gan shi sai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu, ta faɗo masa a rai. A wannan sauyi na 2007 ne aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardu, don haka yana da kyau ka ajiye mai ajami da marar ajami gefe da gefe. Canjin kuɗi na Afrilun 1984 ya ƙara wa jerin armashi: an sauya launin takardu, an rufe iyakoki, an ba mutane kimanin mako biyu. Wanda bai samu canjawa ba takardunsa sun kwana a hannunsa, shi ya sa yana da amfani a yi cigiyar tsofaffin launuka a garuruwan bakin iyaka irin su Kamba da Kangiwa.

A nan ma akwai rami irin na harafin gidan bugu, shi ne sa hannun gwamnan banki. Takarda iri ɗaya tana iya zuwa da hannun Clement Isong ko Adamu Ciroma, wata da na Ola Vincent ko Abdulƙadir Ahmed, na bayansu da na Soludo ko Sanusi Lamido Sanusi ko Emefiele, ga kuma hannu na biyu da ke kusa da shi wanda shi ma yake canjawa. Wanda ya ce sai ya haɗa kowane sa hannu ya ninka aikinsa sau da yawa. Takardun fam kuwa, na 1959 da 1965 da na canjin 1968 lokacin yaƙin basasa, fam ɗaya da sule biyar suna samuwa, fam biyar ce mai wuya. Na hukumar Afirka ta Yamma, waɗanda aka fara bugawa a 1916, sai mai rabo, kuma masu tsabta a cikinsu galibi suna hannun dillalan ƙasashen waje, da dala ake cinikinsu.

Kyawun jiki shi ne abu na biyu da ke yanke farashi, wani lokaci ma ya fi shekara muhimmanci. Ƙarfe biyu masu shekara ɗaya, wanda rubutunsa da zanensa suke tsaye ras zai ninka gogagge sau da yawa. Ka yanke wa kanka mataki tun farko. Nawa matakin shi ne: a iya karanta shekara da dukkan rubutu, ba huji na hannu, ba lanƙwasa, ba tsatsa mai cin jiki. Saitin da kayansa suke a mataki ɗaya ya fi kyan gani a kan wanda rabinsa ke ƙyalli rabinsa ya shafe. In ka samu mai wuya amma gogagge da araha, ka riƙe shi ya tsare maka gurbi, daga baya ka musanya.

Neman kaya daga gida ake fara shi. Ka tambayi kakanni da gwaggonni da kawunnai, ka bayyana musu abin da kake yi. Abin da ke cikin akwatin mamaci gado ne, na magada ne gaba ɗaya, sai da izininsu ko ka saya. Kuma in tsohuwa ta miƙo maka fatakar azurfa tana cewa ba ta da amfani, ka gaya mata gaskiya ka biya ta haƙƙinta. Daga nan sai maƙera, 'yan koli, 'yan gwangwan da 'yan canji, a kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi da Jega da Sakkwato, in tafiya ta kai ka Kano kuma Kasuwar Kurmi. 'Yan gwangwan sun fi kowa araha tunda nauyi suke kallo, ka bar musu samfuri ka ce su ware maka. Lokacin bikin kamun kifi kaya suna fitowa amma farashin na baƙi ne, gara ka duba ka karɓi lambar mai kaya ka dawo bayan an watse. Kafin ka taya abu mai tsada ka duba shi a shafin Numista ko a kundin Standard Catalog of World Coins, za ka ga shekarun da aka buga da adadinsu. Farashin da ake nema a eBay ba shi ne farashin da aka sayar ba, na biyun za ka duba. Hanya mafi araha duka ita ce musaya: ka sayi tuli, ka cire naka, ka ba abokin tarawa ragowar ya ba ka abin da ka rasa.

Ka kiyayi abu uku. Na ɗaya, masu yawo da labarin cewa wani tsohon kwabo yana da sinadari a ciki wanda wasu Turawa ke saye da miliyoyi. Damfara ce, ba wani abu a cikin kwabo sai ƙarfe. Na biyu, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana sayar da naira da wulaƙanta ta, don haka takardun da ake amfani da su yanzu ka tsince su daga canjinka ko daga banki a kan darajarsu, kada ka saya wurin masu tallan sababbin kuɗi. Na uku, kada ka yi tono a kufai, ballantana wuri mai kariyar doka irin Surame. Abin da ƙasa ta fitar, a sanar da hukumar gidajen tarihi ko a kai rahoto Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu.

Saura ajiya, inda mutane da yawa suke ɓata abin da suka sha wuya suka tara. Kada ka wanke ƙarfe da toka ko lemun tsami ko omo ko man goge ƙarfe. Duhun nan da ya hau jikinsa wani ɓangare ne na darajarsa, in ka kankare shi ka rage kuɗinsa kuma ba ya dawowa. In laka ce, ruwa mai tsabta ya isa, ka shanya a kan ƙyalle ba tare da gurzawa ba. Ka riƙe shi ta gefe. Kowanne ka sa shi a ƙaramar ambulan ta takarda shi kaɗai, don kada su gogi juna, ka guji leda mai laushi domin tana sa jan ƙarfe ya yi kore. Takardar kuɗi ba a yi mata laminatin, ba a manna mata salatif, ba a sa mata dutsen guga. A shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu cikin littafi mai kauri. Mu da ke bakin fadama raɓa ce abokiyar gabarmu, don haka akwatin ya zauna a kan katako nesa da bango, a buɗe shi a duba a tsakiyar damina da kuma bayanta.

Ka sayi littafin rubutu na musamman. A shafin farko ka jera dukkan abin da saitin ya ƙunsa, kana yi wa wanda ya shigo alama. A gaban kowanne ka rubuta shekararsa, harafinsa, inda ka same shi, nawa ka biya, da abin da mai shi ya ce yana saye a zamaninsa. Wannan bayani na ƙarshe ba ya cikin kundin kowane Bature, kuma dattawan da suka yi ciniki da anini da taro suna ƙarewa. Ka fara da shidan 1959 a wannan watan, ka ɗauke su ka kai wa mafi tsufa a gidanku ya faɗa maka sunan kowanne da abin da yake saye, ka rubuta.